Dutin Dare a Manchesta: Yadda Ake Sa wa Tsohuwar Kwamfuta Aiki a Layi

Ƙannenmu na Katsina da suka karanta kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko a Kwalejin Hassan Usman sukan tambayi wane aiki mutum zai kama idan Allah ya kai shi Ingila. Hankalin kowa yana kan sababbin manhajoji, can kuwa cunkoso ya yi yawa. Akwai wata ƙofa da ba a cika rububi a bakinta ba, wato kula da tsofaffin kwamfutocin da wasu masana'antu da kamfanonin jigila da ofisoshin kuɗi suka ƙi rabuwa da su. Guraben kaɗan ne, amma waɗanda suka iya aikin suna ta ritaya, kuma sabon shiga yakan fara ne da dutin dare. A kan wannan dutin nake son mu tsaya, domin shi zai tsara maka barcinka da sallarka da lokacin da za ka kira gida.

Tsarin da muke aiki da shi sunansa OpenVMS. Kamfanin DEC na Amurka ne ya fito da injin VAX-11/780 a 1977, tsarin VMS, wanda daga baya aka sa wa suna OpenVMS, ya zo tare da shi. Compaq ya sayi DEC a 1998, HP ya haɗiye Compaq a 2002, daga 2014 kuma kamfanin VSI ne ke ci gaba da raya shi. Littattafan koyarwarsa suna shafin VSI kyauta, don haka wanda ke Ƙofar Ƙaura ko Sabon Layi zai iya fara karatu tun bai nemi biza ba. Babu hoton da za ka danna. Baƙin allo ne da alamar $ tana jiran ka rubuta umarni, harshen umarnin kuma DCL ake ce masa.

Manyan ayyuka irin lissafin albashi, rufe cinikin rana da kwashe kwafin ajiya ba a yin su da rana mutane na kan injin. Rubuta matakan ake yi a fayil mai ƙarewa da .COM a ajiye shi a layi, kamar yadda yarinya ke ajiye kwanon niƙanta wurin mai inji ta tafi, idan layi ya zo kansa a niƙa ko tana nan ko ba ta nan. Ga yadda ake ajiyewa:

$ SUBMIT /QUEUE=SYS$BATCH /AFTER="TOMORROW+02:00" /NOPRINTER /RETAIN=ERROR /PARAMETERS=("KANO","31") ALBASHI.COM

SYS$BATCH shi ne layin da aiki ke faɗawa idan ba ka ambaci wani ba. /AFTER ya ce a riƙe shi sai ƙarfe 2 na dare, awa biyu bayan an shiga gobe. Abubuwan da ka sa a /PARAMETERS suna isa cikin fayil ɗin da sunan P1, P2, har zuwa P8. Injin zai amsa maka da lambar shigar aikin a layi, ka rubuta ta a takarda nan take, don da ita za ka nemi aikin ko ka ɗaga shi ko ka soke shi. Kada ka raina /NOPRINTER. Idan babu shi, tsarin zai tura rahoton aikin zuwa firinta sannan ya goge shi, ka wayi gari ba ka da shaidar abin da ya faru. /RETAIN=ERROR kuma yana barin aikin da ya mutu a kan layi da dalilin mutuwarsa, maimakon ya ɓace kamar ba a yi shi ba.

Abin da ya fi kama baƙo shi ne maganar lambar kwafi. A VMS duk lokacin da ka gyara fayil ka adana, ba a taɓa tsohon, sabo ake yi: ALBASHI.COM;7 ya zama ALBASHI.COM;8. Shi kuwa SUBMIT ainihin fayil ɗin da ya tarar a lokacin yake riƙewa, ba sunan ba. To ka sa aiki a layi da ƙarfe 5 na yamma, da ƙarfe 6 aka gano kuskure aka gyara, kowa ya tafi gida hankali kwance. Ƙarfe 2 na yi, kwafi na 7 mai kuskuren ne zai tashi. Idan kuma wani mai son tsafta ya buga PURGE ya share tsofaffin kwafi, aikin ba zai ma tashi ba, don fayil ɗin da yake nema babu shi. Maganin ɗaya ne: duk gyaran da aka yi bayan an sa aiki a layi, a soke shigar da DELETE/ENTRY a sake SUBMIT. SHOW ENTRY/FULL zai nuna maka kwafin da aikin ke riƙe da shi, ka duba da idonka.

Lambar nan tana da iyaka, 32767. Aikin da ke tashi duk minti biyar yana haifar da rahoto 288 a rana, cikin ƙasa da wata huɗu ya kai bango, daga nan ba zai iya buɗe sabon rahoto ba sai ya mutu shiru. PURGE ba ya mayar da lambar baya, sai an sake wa na ƙarshen suna da RENAME zuwa ;1.

Na biyu, aikin layi shiga yake yi da sunanka kamar kai ne ka zauna gaban allo. Zai bi ta LOGIN.COM ɗinka, wato fayil ɗin umarnin da ke tashi duk lokacin da ka shiga, ya fara daga foldarka ta gida, ba daga inda kake tsaye lokacin da ka tura shi ba. Saboda haka farkon abin da za ka sa a fayil ɗinka shi ne SET DEFAULT zuwa inda aikin yake. Idan kuma LOGIN.COM na ɗauke da umarnin gyara allo irin SET TERMINAL, a cikin dare babu allo, kuskure zai fito. Sa wannan a gabansa, don LOGIN.COM ya tsaya nan idan ba mutum ne a gaban allo ba:

$ IF F$MODE() .NES. "INTERACTIVE" THEN EXIT

Haka duk shirin da ke tsayawa ya tambayi mutum e ko a'a, babu mai amsa masa. Ana rubuta amsar a layin da ke bin umarnin, ba tare da alamar $ ba, ya karanta daga nan.

Na uku ya fi ba ni tsoro. Kowane umarni yana barin sakamako a $SEVERITY: 1 nasara, 3 sanarwa, 0 gargaɗi, 2 kuskure, 4 kuskure mai kisa. DCL da kansa yakan tsaya ne a kan 2 da 4 kawai, gargaɗi wucewa yake yi. Amma umarnin da aka rubuta ba daidai ba, ko sunan da ba a san shi ba, a matsayin gargaɗi yake fitowa. Ke nan idan harafi ɗaya ya kuskure a umarnin kwashe kwafin ajiya, aikin zai tsallake shi ya tafi mataki na gaba, wanda sau da yawa shi ne goge bayanan jiya. Shi ya sa nake ganin kowane aiki mai taɓa kuɗi ko ajiya ya fara da ON WARNING THEN GOTO MATSALA, a can ƙasa kuma a sa wuri mai suna MATSALA da zai aika saƙo ya fita da lambar kuskuren. Masu sa SET NOON a saman fayil don kada aiki ya tsaya sun sayi kwanciyar hankalin dare ɗaya da tashin hankalin ƙarshen wata.

VMS bai zo da jadawalin kullum-kullum ba. Wasu wuraren sukan sayi manhajar jadawali, amma da yawa aikin ne ke sake sa kansa a layi:

$ NI = F$ELEMENT(0,";",F$ENVIRONMENT("PROCEDURE"))
$ SUBMIT /AFTER="TOMORROW+02:00" /NOPRINTER 'NI'

Layin farko yana yanke lambar kwafi daga sunan, don na gobe ya ɗauki sabon gyara. A sa waɗannan biyun a saman fayil. Idan a ƙasa suke, ranar da aikin ya mutu a tsakiya sarƙar ta tsinke, kuma ba lalle a lura ba sai an nemi rahoton da babu. A kula da aikin da ke kusa da sha biyun dare. Wanda aka sa wa 23:30, idan layi ya cushe bai tashi ba sai 00:10, to gobensa ta zama jibi, an tsallake rana guda ke nan.

Da ka karɓi duti, SHOW QUEUE/BATCH/ALL ne gaisuwarka ta farko. Za ka ga masu gudana, masu jiran wuri, masu jiran lokaci, da waɗanda aka riƙe da /HOLD sai an sake su da SET ENTRY/RELEASE. Idan masu jiran wuri sun taru, duba JOB_LIMIT na layin, wato yawan ayyukan da yake ɗauka lokaci guda. Idan ba a saita ba ɗaya ne, aiki guda da ya maƙale ya isa ya tare na bayansa duka. Ɗaga /PRIORITY, daga 0 zuwa 255, matsayi kawai yake canzawa a layi, ba ya ƙara wa aiki sauri. In ana son tsayar da layi a tsanake, STOP/QUEUE/NEXT yana barin mai gudana ya gama. STOP/QUEUE/RESET yanke shi yake yi a tsakiya, kuma sabon ma'aikaci ba shi da hurumin buga shi sai da izinin na gaba da shi. Rahoto kuma ba nan take yake cika ba, duk minti ɗaya ake zuba shi a faifai, don haka kada ka ga shiru na daƙiƙa talatin ka yanke cewa aiki ya mutu. Da safe SEARCH a kan rahotannin, kana neman -W- da -E- da -F-, wato alamun gargaɗi da kuskure da kuskure mai kisa, zai fito maka da abin da ido zai tsallake.

Sai agogo, abin da mu 'yan Najeriya ba mu taso da shi ba. A Ingila ranar Lahadin ƙarshe ta Maris, ƙarfe 1 na dare yana tsalle ya zama 2. Lahadin ƙarshe ta Oktoba kuma ƙarfe 2 ya koma 1. A daren Maris babu 01:30 sam, a na Oktoba sau biyu yake zuwa, rahotanni su fito da lokuta masu maimaita juna. Mai hankali ba ya sa aiki mai muhimmanci tsakanin 1 da 2. Wannan canjin ya shafi gida ma: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Manchesta da na Katsina ɗaya ne, sauran watannin Katsina na gaba da awa guda. A gaya wa Hajiya tun da wuri, don kada ta ga kira ya makara ta shiga damuwa.

Lokacin salla ma yawo yake yi sosai. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, Azahar da La'asar da Magariba su matsu cikin 'yan awoyi, daidai lokacin da mai dutin dare ke barci, sai da ƙararrawa. A Yuni kuwa rana ba ta faɗuwa sai bayan 9 da rabi, alfijir ya keto ana tsakiyar manyan ayyuka. Ka karɓi jadawalin masallacin unguwarku ka ajiye kusa da jadawalin layi, ka faɗa wa shugaban dutinka tun ranar farko cewa kana buƙatar minti goma a lokaci kaza. Yawanci ba sa hanawa idan sun sani tun da wuri, abin da ba sa so shi ne a nemi mutum a rasa. Dokar lokutan aiki ta 1998 ta ce matsakaicin aikin ma'aikacin dare kada ya wuce awa 8 cikin 24, kuma yana da haƙƙin a duba lafiyarsa kyauta. Ka nemi wannan haƙƙin. Ka sayi labule mai kauri, don barcin rana a watan Yuni ba ya yiwuwa sai da shi. Hukumar lafiyarsu ma tana ba masu baƙar fata shawarar shan bitamin D, maikurogiram 10 kullum duk shekara, balle kai da ba ka haɗuwa da rana.

Takardu ba su da wuyar ganewa, jinkiri ne da su. Bizar aiki sai kamfanin da ke da lasisin ɗaukar baƙi ya ba ka takardar ɗaukar nauyi. Da ka sauka ka tabbatar da lambar inshorarka ta ƙasa, ka yi rajista da likitan unguwa tun kana lafiya. A Ingila kuɗin ajiyar haya ba ya wuce na mako biyar a gidaje irin namu, wanda ya nemi fiye da haka ka bincika. Lasisin tuƙin Najeriya wata 12 yake yi maka. Kafin ka karɓi ɗaki, ka duba ko akwai motar haya da za ta kai ka aiki da goma na dare ta dawo da kai da asuba, har ranar Lahadi. Ɗaki mai arha da sai ka hau tasi kullum ya fi mai tsada cin kuɗi. Naman halal da kayan miya kuwa ba abin damuwa ba ne a Cheetham Hill da Longsight, sai dai daddawa da kuka, waɗannan saƙo ake yi wa mai zuwa daga gida.

Wurin miƙa duti da safe ake gane ma'aikaci. Mutanen nan ba sa karɓar "komai lafiya" da baki. A rubuce suke so: lambar shiga, sunan aiki, lokacin da ya tashi da wanda ya gama, saƙon kuskuren harafi da harafi, abin da ka yi da wanda ka bari. Idan aikin albashi ya mutu a tsakiya, kada ka sake tura shi don ka burge. Sai an rubuta shi da SET RESTART_VALUE an kuma tura shi da /RESTART ne yake sanin inda ya tsaya idan layin ne ya sake tayar da shi, in ba haka ba daga farko zai ɗauko, a shigar da lissafi sau biyu. Ka bar shi yadda yake, ka kira mai shi ko da ƙarfe 3 ne, lambarsa don haka aka manna ta a bango.

A makon farko kuma ka duba da sunan wa kowane aiki ke gudana. A tsofaffin wurare za ka tarar da ayyuka masu nauyi suna tafiya da akawun ɗin wani dattijo da ya rubuta su tun kafin a haife ka. Ranar da ya yi ritaya aka rufe akawun ɗinsa da DISUSER, duk za su ƙi tashi a dare ɗaya, wani lokaci ko rahoto ba za su bari ba, sai ka shiga ACCOUNTING, kundin da injin ke ajiye tarihin ayyuka, ka ga dalilin. Ka jera sunayensu a takarda ka kai wa shugabanka, a mayar da su akawun ɗin aiki tun mutumin yana nan ana iya tambayarsa abin da kowanne ke yi.