Tazarar yatsa biyu

Ranar Alhamis na kwashe sifanonina daga warshar, wato garejin gyaran mota, da na yi shekara bakwai a cikinta a Gadarif, ƙasar Sudan. Masu tambaya ko faɗa muka yi da Usta, maigidana a warshar, ba mu yi ba. Mun yi musabaha, ya ce Allah ya ba da sa'a, na ce amin. Sai dai zuciyata ta bar wurin tun kakar riɗi shekara uku da suka wuce, jiki ne ya makara.

Wani dattijo ɗan unguwarmu aka jawo wa boksinsa, wato motarsa a-kori-kura, da igiya, Hilux ƙirar shekarun 1980. Boris ɗin saman sandar sitiyari ne ya dame shi da kuka, sai shi da ɗansa suka kwance ta a ƙofar gida. Kwancewa ta yi, mayarwa ta gagara. Noti, wosha, makunnin sigina, wayar ham, duk a buhun sukari ɗaya suka zo.

Na ce, "Baba, da me kuka cire sitiyarin?" Ya ce, "Da guduma mana, ɗana. Yaro na ja, ni ina bugun kan sandar."

A nan ya kamata in ajiye sifana. Sandar irin waɗannan motoci biyu ce, ɗaya a cikin ɗaya, an riƙe su da 'yan ƙusoshin roba don in an yi karo ta shige cikin kanta, kada ta soke ƙirjin direba. Tun ƙarshen shekarun 1960 ake ƙera su haka. In ka sa mata guduma, robar ta karye, sandar ta gajarce, ido kuwa ba ya gani. Na san wannan sarai, kuma shi ne ke hana ni barci.

Na sa sabon boris, na mayar da zoben da ke riƙe shi, na miƙe tayoyin gaba, na zura sandar. A ƙasa, inda take shiga gaɓar da ke kai ta akwatin sitiyari, akwai wani ɗan kwarmi a jikinta. Dole notin matsewa ya ratsa ta cikin kwarmin nan, shi ne ke hana ta zarewa ko da ya saki. Tamu ba ta kai ba, saura kamar yatsa biyu. Notin ya shige sumul, amma ta gaban bakin sandar ya wuce, bakin haƙoran sandar kaɗai gaɓar ta kama.

Na fito daga ƙarƙashi na ce, "Usta, sandar nan ta gajarce, a nemo wata." Ko sunkuyawa bai yi ba. Ya ce, "Kai dai da iyayi. Ɗaure mu sallami bawan Allah, riɗinsa na zubewa a gona." Wanda ya san Gadarif ya san riɗi ba ya jiran kowa, in ya bushe kwanson fashewa yake yi. Na ɗaure. Na juya sitiyari hagu da dama, ba wasa ko kaɗan. Na ce wa kaina ai ya kama.

Kwana tara ta yi. A hanyar gona wajen Doka, cikin gargadar baƙar ƙasar nan da ke darewa in ta bushe, sitiyari ya riƙa juyawa a hannun dattijon kamar faifai. Allah ya sa a hankali yake tafiya saboda lodi. Motar ta gangara kwazazzabo, wani ɗan ƙwadago da ke zaune kan buhuna ya karye a hannu.

Da aka zo warsha, a gaban mutane Usta ya nuna ni ya ce, "Aikin yaron nan ne." Gaskiya ya faɗa, hannuna ne ya ɗaure. Rabin gaskiyar da ya haɗiye ni ma ban furta ba, don a gidanmu ba a ƙaryata babba a bainar jama'a. Aka zaftare mini kuɗin wata biyu. Kuɗin ɗorin ni na kai da kaina, ba wanda ya sa ni.

Ga shawarata ga yaran da na bari a can. In an kawo muku aikin da aka fara a gida, ku tambayi yadda aka kwance kafin ku tambayi abin da ya lalace. Ku cire kan batir. Ku sa alama da fenti a sanda da gaɓa kafin ku raba su. Ku haska tocila ku ga kwarmin da idonku. In babba ya ce a ɗaure alhali kun ga ba daidai ba, ku miƙa masa sifanar cikin ladabi, ya ɗaure da hannunsa.

Bayan abin, sau huɗu na miƙa wa Usta sifana haka. Bai taɓa karɓa ba, sai ya ce a je a nemo kayan. Dattijon kuwa, da ya ji zan buɗe rumfata, shi ya fara aiko ɗansa ya tambayi inda take.