Yashi, laka da alli: yadda muke karanta ƙasan tekun Legas

'Yan uwanmu masu lodin yashi a gaɓar tafkin Legas sun san yashi ciki da bai, amma yashin nan siririn ɗamara ne kawai a bakin gaɓa. Aikina ɗibar samfur ne daga ƙasan ruwa, kuma abin da ke fitowa yana sauyawa da nisa da zurfi.

Na'urar Van Veen muke saukarwa, ƙarfe mai baki biyu da ke tafiya a buɗe a kan igiyar waya. Da ta taɓa ƙasa igiyar ta saki, makullin ya fita, ana ja bakin ya rufe. Mitocin ƙarshe a hankali ake sauke su. In ta faɗo da gudu, ruwan da take turawa yakan share lallausar lakar sama kafin ta iso, alhali ita ce mafi sabunta. In kuma ɓawon kodi ya maƙale a bakin, laushin duk ya zube a hanyar hawowa, a bar ka da yashi zalla. Irin wannan zubarwa muke yi mu sake, don lissafin ƙarya zai bayar.

A ɗakin gwaji nakan ɗebi kamar giram 50, in wanke gishirin da tataccen ruwa, domin gishiri yana sa ƙwayoyin yumɓu su dunƙule. Sannan a tace shi da jiƙonsa a rariya mai ido milimita 0.063. Abin da ya tsaya, har zuwa milimita 2, yashi ne, wanda ya fi haka tsakuwa. Abin da ya wuce laka ce, kuma ƙasa da milimita 0.004 yumɓu. Kada a busar da laka kafin tacewa, za ta daskare ta zama curi-curi, rariya ta ƙirga ta a yashi.

Kusa da gaɓa kusan komai daga tudu ya zo. Igiyar ruwa tana tura yashi daga yamma zuwa gabas, shi ya sa katangun duwatsun da aka gina a bakin tashar jiragen ruwa tsakanin 1908 da 1912 suka tara shi a ɓangaren yamma, teku kuma ya cinye gaɓar Bar Beach da ke ɓangaren gabas. A wuraren da ruwan tafki yake kwance, baƙar laka ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, alamar iskar shaƙa ta ƙare a cikinta.

Dandamalin da ke gaban Legas, wato shimfiɗar ƙasan teku marar zurfi da ta haɗe da gaɓa, faɗinsa bai wuce kimanin kilomita 30 ba, daga nan sai gangara, kuma kwazazzabon Avon da ke ƙarƙashin teku yana zurarar da yashi da laka zuwa can ƙasa. A nesa, inda kayan tudu suka yi ƙaranci, lakar alli ce ke mulki: wadda fiye da kashi 30 cikin ɗari nata ɓawon ƙananan halittu ne irin su foraminifera. Ita ta rufe kusan rabin ƙasan zurfafan tekunan duniya. Amma a Atlantika, in zurfi ya kai wajen kilomita 5, sanyi da nauyin ruwa da iskar kabon suna narkar da allin. Sai jan yumɓu ya rage, mai taruwa kamar milimita 1 a shekara 1,000, kuma har da ƙurar hunturun da ke tasowa daga Bodele a Chadi a cikinsa. Lakar silika kuwa, wadda ɓawon halittunta na sinadarin gilashi ne maimakon alli, ta kewayen Antatika ce da tsakiyar Fasifik.

Gwajin alli da sauƙi: ɗigon asid haidirokolorik mai ƙarfin kashi 10, in ya yi kumfa akwai shi. Sai dai kumfa kaɗai ba hujja ba ce, don farfasasshen ɓawon kodin bakin gaɓa ma yana yi. Dole a ɗora busasshen abin da rariya ta tare a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Gutsuren kodi yana da kaifi da gefe marar tsari, foraminifera kuwa farare ne masu ɗakuna-ɗakuna a manne da juna, yawancinsu ba su kai milimita 1 ba.