Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Yadda Na Faɗa wa Yaya

A makon jiya na tsaya ne a inda malamar awo ta ja labule, ta zaunar da ni, ta shaida mini cewa an samu ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki a jinina, ina ɗauke da cikin wata biyar. A damunar 2007 ke nan, shekara ɗaya da rabi da tarewata a gidan Malam, a wani ƙauye da ke ƙasar Gumel, inda na shigo a bazawara na tarar da uwargida, wadda nake kira Yaya, da 'ya'yanta huɗu.

Mijina na farko ne ya fara faɗo mini a rai. Ya rasu a 2003 bayan ya kusa shekara yana fama da gudawa da tari, ya rame har ba a gane shi, dangi kuwa suka tsaya a kan cewa sammu ne, aka sayar da awaki aka yi ta jiƙe-jiƙe. Babu wanda ya kawo zancen gwajin jini, kuma ko da an kawo, maganin da gwamnati ta fara rabawa a 2002 a manyan asibitoci 25 kaɗai ake samunsa a duk faɗin Najeriya, sai mutum ya biya naira 1,000 duk wata, ban da kuɗin gwaje-gwaje. Ni Allah ya sa tawa ta bayyana bayan an mayar da shi kyauta a 2006.

Malama ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce idan uwa ba ta shan magani, a cikin jarirai 100 tsakanin 15 zuwa 45 suna iya kamuwa, ko a ciki, ko wurin haihuwa, ko ta nono, amma idan ta riƙe magani yadda aka ce, adadin yana sauka ƙasa da biyar. Bayan an auna ƙarfin garkuwata aka ɗora ni a kan ƙwayoyi safe da yamma, kuma da yake ba ni da agogo, sai na ɗaure shan su da kiran sallar asuba da na magariba. Sharaɗin da ya fi yi mini nauyi shi ne na ƙarshe, cewa in kawo maigidana da abokiyar zamana a gwada su.

Malam ya loda shanu daga kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ya nufi kudu, ba a sa ran dawowarsa sai bayan mako uku. Na so in jira shi, domin shi ya kamata ya fara ji, amma Yaya tana shayar da ɗan wata bakwai, kuma duk lokacin da na ga ta zaunar da shi a cinya ta ba shi nono sai gabana ya faɗi. A dare na shida, bayan yara sun yi barci, na yi sallama a ƙofar ɗakinta.

"Yaya, magana ce da ni, kuma don Allah ki bari in kai ƙarshe."

"Shigo, Amarya, lafiya dai ko?"

Na faɗa mata komai, har da zaton da nake yi cewa ni na shigo da ita gidan. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma zage ni ba. Ta karɓi robar maganin ta juya ta a hasken aci-bal-bal, sannan ta ce, "Wa yake biyan kuɗin wannan, kuma me yake nema a wurinmu?"

Ban ɗauki tambayarta wauta ba, har yau ban ɗauka ba. Mutanenmu ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi a kan yara a Kano a 1996 ba, kuma shekara uku ke nan kacal da aka dawo da rigakafin shan-inna a jihar Kano bayan an dakatar da shi saboda zargi. Sai daga baya, da na fara aikin sa-kai, na san cewa mafi yawan kuɗin daga waje yake zuwa: akwai shirin PEPFAR da shugaban Amurka George Bush ya sanar a 2003 da dala biliyan 15 na shekara biyar, Najeriya tana cikin ƙasashe 15 da ya fi mayar da hankali a kansu a wancan lokacin, akwai kuma Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, wanda aka kafa a 2002, gwamnatoci da gidauniyoyin masu hannu da shuni suke zuba masa kuɗi. A daren nan kuwa ban san ko ɗaya ba. Na ce mata, "Ban san su ba, Yaya, amma na ga yadda mutum yake ƙarewa idan babu shi."

Kwana uku ba ta ci girkina ba, ta kuma ware wa 'ya'yanta moɗa. Abin ya yi mini ciwo, domin tare muka zauna a gidan mai gari ranar da 'yan wata ƙungiya suka zo wayar da kan mata, bayan liman ya buɗe da addu'a, suka ce ba a ɗaukar ta ta kwano ko buta ko cizon sauro, sai ta saduwa, da jini, da askar wanzami ko rezar da ba a sake ba, da kuma daga uwa zuwa ɗa. Ta ji kamar yadda na ji, sai dai ranar nan labarin wasu ake yi.

A rana ta huɗu da hantsi na ji ƙarar fasa asusu a ɗakinta. Magani kyauta ne, amma mota ba kyauta ba ce, kuma kuɗin man gyaɗarta na wata biyu ta zazzage a tabarma ta ƙirga mana na zuwa da dawowa. Ta shiga wurin Inna, mahaifiyar Malam, ta nemi izini cewa za ta raka ni awo, ta goya yaron, ta tsaya a bakin ƙofata ta ce, "Ɗauko mayafinki, Amarya, kada motar farko ta wuce."

Abin da malama ta faɗa mana bayan ta ɗebi jininta, sai a mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.