Masarautun Tailan na dā: ƙasa a yalwace, mutane a ƙarance

'Yan kasuwar Kantin Kwari da ke zuwa Bankok saro kaya sun san birnin da cunkoso da dogayen gine-gine, amma bai daɗe da zama babban birni ba. A 1782 aka mai da shi fadar mulki. Tsohuwar fadar, Ayuttaya, tana arewa da shi da kimanin kilomita 80, yau kangayen jan bulo ne kawai. Mai son gane yadda masarautun nan suka tashi suka faɗi ya riƙe abu ɗaya: a yankin nan fili ba shi da tsada, mutum ne mai tsada.

Kakannin mutanen Tai daga kudancin Sin suka gangaro, ba ayari guda ba, kaɗan-kaɗan cikin ƙarnoni, suna bin kwarin koguna inda shinkafa ke yi. Sun tarar da mutanen Mon da Kemar na daular Ankor, a Kambodiya ta yau, sun daɗe da kafuwa, a wurinsu suka ɗauki addinin Buda da rubutu da al'adun fada. Kowane gari da ƙauyukansa yana da sarkinsa. Ƙarami ya kai wa babba gaisuwa, wani lokaci ya kai wa manya biyu a shekara ɗaya don ya zauna lafiya. Babu iyaka a zane.

Masarautar Sukotai ta mutanen Tai ta ɓalle daga Kemar a 1238, ta kai ganiyarta zamanin Ramkamhaeng, wanda ya yi sarauta daga 1279 zuwa 1298. Akwai dutse mai rubutu ɗauke da shekarar 1292 da ake danganta masa. Ya ce akwai kifi a ruwa, akwai shinkafa a gona, sarki ba ya karɓar kuɗin fito a hanya, mai son fataucin giwa ko doki ya yi, kuma an rataye ƙararrawa a ƙofar fada, mai ƙara ya buga sarki ya fito. A ganina wannan talla ce, kiran talakawan wasu sarakuna ne su yi ƙaura su dawo. Yarima Monkut ne ya gano dutsen a 1833, kuma tun shekarun 1980 wasu masana ke cewa a ƙarni na 19 aka sassaƙa shi, ko da yake mafi yawa sun yarda na asali ne. Ramkamhaeng na mutuwa garuruwan da suka yi masa mubaya'a suka janye, don shi suka bi, ba Sukotai ba. Can arewa kuma Sarki Mangrai ya kafa Ciyang Mai a 1296, masarautar Lanna, wadda ta yi tata rayuwar daban har Bama, wato Myanmar ta yau, ta ci ta a 1558.

Ayuttaya ce babbar magana. Sarki U Tong ya kafa ta a 1351, zamanin Yaji a Kano, a kan tsibiri inda koguna uku suka haɗu: Cawo Praya, Pa Sak da Lopburi. Wurin ya ba ta abu biyu. Jiragen ruwa na hawowa daga teku har bakin ganuwa. Sannan duk shekara a ƙarshen damina ruwa na malale filayen da ke kewaye, dole rundunar da ta yi wa birnin zobe ta tattara ta tafi. Ayuttaya ta ci Ankor a 1431, ta haɗiye Sukotai a 1438.

Sarki Trailok, tsaran Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1448 zuwa 1488, shi ake danganta wa tsarin sakdina. Kowa aka ba shi lamba da ma'aunin gona mai suna rai, wanda a yau murabba'in mita 1,600 ne. Bawa 5, talaka 25, daga 400 an shiga sahun masu sarauta, babban waziri 10,000. Ba gona ake mallaka wa mutum ba. Lambar ce ke nuna tarar da zai biya in ya yi laifi, da diyyar da za a ba shi in an yi masa, da wanda zai durƙusa wa. Kowane talaka namiji an rubuta shi ƙarƙashin wani ubangida, kuma talakan sarki na yin aikin gwamnati wata shida a shekara, wata a bakin aiki wata a gida, da guzurinsa.

Nan tsarin ke yoyo. Wanda aiki ya isa sai ya gudu daji, ko ya shiga gidan ibada ya zama malamin Buda, ko ya jinginar da kansa kan bashi, ko ya koma rajistar wani yarima mai sassauci. Ma'aikatan sarki na raguwa, na 'ya'yan sarki na ƙaruwa, shi ya sa gadon sarauta ke yawan ƙarewa da jini. Yaƙi ma na kamun mutane ne: wanda ya ci gari ya kwashe jama'arsa ya zaunar da su kusa da fadarsa.

Kuɗi kuwa daga ciniki ya fito, don sai ta rumbun sarki ake sayen manyan kaya. Fatun barewa na tafiya Japan, itacen rini da kuza da giwaye na bin wasu hanyoyin. Mutanen Fotugal sun iso a 1511, na Holan suka buɗe gidan ciniki a 1608. Shehu Ahmad, bafarishe daga Kum, ya zo farkon ƙarni na 17 ya zama Cularacamontri na farko, sarautar shugaban Musulmi da har yau ake naɗawa. Sarki Narai ya aika jakadu Faransa a 1686, amma a 1688 fadawa suka yi juyin mulki suka kori sojan Faransa.

Sau biyu Bama ta ci birnin Ayuttaya. Bayan na 1569, Yarima Naresuwan ya ƙwato 'yanci a 1584. Na biyun shi ne ajali. Da ruwa ya cika sojan Bama ba su tafi ba, suka hau tuddai, suka sassaƙa kwale-kwale, suka yi wata 14 a zaune. A Afrilun 1767 suka haƙa ƙarƙashin ganuwa suka cinna wuta, ta rufta, suka ƙone birnin suka kora dubban mutane Bama. Taksin, wanda mahaifinsa ɗan Sin ne, ya sake haɗa ƙasar daga garin Tonburi da ke tsallaken kogi daga Bankok, ya sa aka riƙa yi wa talakawa zane a tsintsiyar hannu da sunan ubangidansu, maganin gudu ke nan. Janar ɗinsa ya gaje shi a 1782, shi ne Rama na ɗaya, tushen gidan Cakri mai sarauta yanzu.

Yarjejeniyar Bawurin da Ingila a 1855 ce ta juya lissafin. Ta tsayar da kuɗin shigo da kaya a kashi 3 cikin ɗari, ta buɗe fitar da shinkafa, tushen buhunan 'yar Tailan da Kasuwar Singa ta sani. Gona ta yi daraja, aikin tilas ya zama asara, Sarki Culalonkon ya soke bauta a 1905. Iyaka ma ta shiga takarda: Faransa ta karɓe Lawos a 1893, Ingila ta karɓi Keda da Kelantan da Tarengganu da Perlis a 1909, aka bar tsohuwar masarautar Patani a hannun Siyam, sunan Tailan a lokacin. Shi ya sa lardunan Pattani da Yala da Naratiwat Musulmi masu jin Malay ne suka fi yawa a cikinsu. Sunan Siyam kansa sai a 1939 aka sauya shi zuwa Tailan.