Inda na kai da MPI_Type_dup da alamomin da ke maƙale da nau'in bayanai

'Yan uwa masu koyon MPI (ƙa'idar aika saƙo tsakanin shirye-shiryen da ke aiki tare a lokaci guda), kwanakin nan ina kan kwafe nau'in bayanai, a C, da Open MPI (ɗaya daga cikin manhajojin MPI) a kwamfutar tafi-da-gidanka. Ga abin da na fahimta zuwa yanzu.

Na gina nau'i da MPI_Type_vector(100, 1, 100, MPI_DOUBLE), wanda ke ɗebo shafi guda na tsaye daga jadawali mai layi 100 da shafi 100. Na yi masa MPI_Type_commit, sannan na kira MPI_Type_dup. Kwafin ya fito da tsari iri ɗaya, kuma tunda uwar an riga an tabbatar da ita, shi ma a tabbace ya zo, nan take na aika saƙo da shi. Wannan kira bai buƙatar sauran ma'aikata (processes) su shigo, ba kamar MPI_Comm_dup ba da dole kowa a rukunin ya kira. In ka tambayi MPI_Type_get_envelope asalinsa, zai ce maka MPI_COMBINER_DUP. Wannan ɓangaren ba wuya.

Inda aikin yake shi ne alamomi (attributes). Tun MPI-2 na 1997 aka ba mu damar liƙa wa nau'i bayanin kanmu. Za ka buɗe makulli da MPI_Type_create_keyval, ka ba shi ayyuka biyu, na kwafi da na sharewa, sai ka rataya abinka da MPI_Type_set_attr. Ni ƙaramin struct na rataya, mai ɗauke da sunan jadawalin da girmansa, wanda na samo wa wuri da malloc.

To, MPI bai san abin da ke cikin alamarka ba, adireshi kawai yake riƙewa. Idan ka ba shi MPI_TYPE_NULL_COPY_FN, kwafin zai fito babu alamar. MPI_Type_get_attr ya dawo min da flag sifili. Idan ka ba shi MPI_TYPE_DUP_FN, alamar za ta biyo, amma adireshin kaɗai aka kwafa. Na buga adiresoshin biyu da printf, ga su nan lamba ɗaya sak. Kamar mutum biyu ne aka rubuta wa kwatancen gida ɗaya, kowa na ganin nasa ne. Yanzu a ce aikin sharewarka yana kiran free. MPI_Type_free na farko zai saki wurin, na biyu ya zo ya sake sakin abin da babu shi. In an yi sa'a shirin ya faɗi nan take. In ba a yi ba, sai ya ci gaba da lalataccen bayani, kana can kana zargin MPI_Send.

Mafita biyu na gwada. Ko dai aikin kwafi ya yi sabon malloc ya juye komai, ko kuma a sa ƙidaya a cikin struct ɗin: kwafi ya ƙara ɗaya, sharewa ta rage ɗaya, sai ta kai sifili a saki. Na fi son ta biyu, muddin ba wanda zai canja bayanin daga baya. Ku kula da attribute_val_out, inda aikin kwafi ke ajiye alamar da kwafin zai samu: an rubuta shi void *, amma a zahiri wurin ajiye adireshi ne, don haka *(void **)attribute_val_out ake rubutawa, a sa *flag = 1, a mayar da MPI_SUCCESS.

Wani abu kuma, dup ne kawai ke tayar da aikin kwafi. Da na gina MPI_Type_contiguous a kan nau'in nan, sabon bai gaji alama ko ɗaya ba. Haka nan in ka sake set_attr a kan makullin da ke da alama, za a kira aikin sharewa a kan tsohuwar kafin sabuwar ta zauna.

Abin da ke gabana shi ne in maimaita gwajin da MPICH (wata manhajar MPI) a ƙarƙashin Valgrind (mai gano kurakuran amfani da memory), in ga ko ƙidayar tawa na barin wani wuri ba a sake shi ba. Wanda ya riga ni gwadawa a Fortran, don Allah ya faɗa mana yadda ya yi da MPI_ADDRESS_KIND, nau'in lambar da ake riƙe alamar da shi a can.