Godiya: An Sallamo Inna

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, jiya da la'asar aka sallamo Inna daga asibiti, yanzu haka tana ɗakinta tana barci. Kwana 11 rabona da katifa, don haka duk wanda na tsallake a nan ya yafe mini, gajiya ce.

Kun san yadda abin ya faro: mura da tari irin na hunturu, sai zazzaɓi da ciwon jiki. Sau biyu muna sayo maganin maleriya a kemis, shiru. Hankalina bai tashi ba sai ranar da aka kai mata tuwo da miyar kuka ta ce an manta daddawa, alhali ƙamshinta har zaure. Kashegari numfashi ya fara yi mata wuya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne gwajin korona na hanci da aka yi mata a asibiti. Inna na ganin dogon tsinken mai auduga a kai ta ja mayafi ta rufe fuska, jikinta na ɓari. Tun mace-macen Kano na 2020 take cewa duk wanda aka sa wa tsinken nan ba ya komawa gida. Na lallashe ta har na rasa ta cewa. Sai ma'aikaciyar jinyar, yarinya ce sa'ar ƙanwata, ta ja baya ta sauke takunkuminta, ta ɓare sabon tsinke ta ce, "Inna, dube ni." Ta zura a nata hancin ta juya, hawaye suka zubo mata, ta yi atishawa. "Kin gani, Inna? Iyakarsa ke nan." Inna ta sauke mayafin a hankali ta ce, "To 'yar nan, bismillah." Minti 15 layi biyu suka fito, korona ce. Ɗan abin auna iskar jini da ake maƙalawa a yatsa ya nuna 88, wato ta yi ƙasa, a daren aka sa mata iskar oksijin.

'Yar'uwa, ko sunanki ban tambaya ba. Allah ya jiƙan mahaifanki, ya ba ki masu yi miki kamar yadda kika yi wa Inna, ya tsare ki daga cutar da kike kwana cikinta.

Kawu na Ringim, na san ka hana ni faɗa, amma sai na faɗa: ƙarfe biyun dare ka fito da mota, ko kuɗin mai ba ka karɓa ba. Allah ya saka da Aljanna. Malam Liman da jama'ar masallaci, Mai Unguwa, Gwaggo da ta riƙe yara da girki, Allah ya biya ku, ya raba ku da kwanan asibiti, ya sa ku gama da duniya lafiya.

'Yan'uwanmu na birni kuwa, mun ga kiran waya, mun gode. Inna dai ta yi ta tambayar ko kun iso.

Masu son zuwa dubiya, likita ya ce a bar ta ta huta tukuna, mai tari ko mura kuma don Allah ya dakata. Ɗazu da safe ta ce a rage daddawa a miya, ta yi yawa.