Abin da takardar makaɗan lut ba ta faɗa

A kwas ɗin tarihin kiɗa an ba ni aikin mayar da wasu kiɗe-kiɗen lut na farkon ƙarni na 17 zuwa rubutun kiɗa na zamani. Lut ɗan uwan molo ne da garaya, sai dai tsirkiyoyinsa na hanjin tunkiya ne, a jere bibbiyu, kuma a wancan lokaci jerin ya kai goma.

Makaɗansa ba sauti suke rubutawa ba, wurin ɗora yatsa suke nunawa. Layi shida ake ja don jeri shida na farko, kowane layi jeri ɗaya ne. Faransawa haruffa suke sawa: harafin a tsirkiya ce sake, b gaɓar farko a wuyan lut inda ake danna yatsa, c ta biyu. Italiyawa kuwa lamba suke sawa, kuma sun kifa layukan, tsirkiya mai siririyar murya ta koma ƙasa. Wanda ya saba da littafin makaɗi Bafaranshe Robert Ballard da aka buga a Paris a 1611, in ya buɗe na Kapsberger, makaɗin Italiya, da ya fito a birnin Rum a wannan shekarar, sai kansa ya ɗaure. Amma wannan ƙaramar matsala ce, sabo yana maganinta.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsawon sauti. Alamomin da ke saman layuka suna gaya maka lokacin da za ka sake taɓa tsirkiya, amma ba sa gaya maka yaushe sautin da ka riga ka taɓa zai mutu. In ka kaɗa uku tare, ɗaya na iya zama muryar ƙasa da ya kamata ta daɗe tana amo, ɗaya kuma wucewa kawai take yi. Galibi takarda shiru take yi a kan wannan. Shi ya sa mutum biyu za su juya shafi guda, su fito da rubutu iri biyu, kowa da hujjarsa. Sai da na ɗauki lut a hannu na ga yadda ake raba gardamar. In yatsan da ya danne tsirkiya dole ya tashi don ya kai ga gaɓa ta gaba, to sautin ya mutu ke nan, komai son ka ja shi a rubuce. In kuwa makaɗin ya zaɓi wuri mai wuyar kamu alhali ga mai sauƙi a kusa, galibi so yake wata tsirkiya ta ci gaba da amo.

Faransawa sun ƙara dagula lissafi a shekarun 1620 da 1630, lokacin da suka yi ta gwada sabbin hanyoyin ɗaure tsirkiya. Harafin c a layi na uku sai ya ba da wani sauti dabam, gwargwadon ɗaurin. In ba ka gano ɗaurin ba, shirme za ka kaɗa. Ba banza ba Johann Mattheson, masanin kiɗa Bajamushe, ya yi ba'a a 1713 cewa makaɗin lut mai shekara 80, 60 daga ciki a wajen saita tsirkiya suka tafi.

Gabatarwar littattafan nan kuwa, wadda ɗalibai ke tsallakewa, ita ta fi yi mini amfani. Kiɗan Kapsberger mai suna Toccata arpeggiata, a littafinsa na Venis na 1604 don babban lut mai dogon wuya, a ido tarin sautuka ne a tsaye, ba armashi. A gabatarwa ya bayyana yadda yatsun dama za su warware su ɗaya bayan ɗaya, da haka kiɗan yake gudana. Alessandro Piccinini ma, wani makaɗin Italiya, a littafinsa na Bolonya na 1623, ya zauna ya yi bayanin riƙon hannu, har ya ce a bar farce ya ɗan fito. Makaɗan lut da yawa a yau da naman yatsa suke kaɗawa, kuma na fi son taushin sautinsu, amma in Piccinini za a kaɗa, ina ganin farcen ya fi dacewa.